Kashin dankali a wasan kurket na kwana biyar

Daren 14 ga Yulin 2025, bayan isha'i, muna zaune a fadarmu ta unguwar Zariya a nan Maradi. An yi ruwa da la'asar, ƙasa na ƙamshi, yaron da ke dafa shayi yana fifita gawayi da ɓallen kwali. Abokai na ta gardamar cinikin ƴan ƙwallo a Turai, ni kuwa idona na kan waya, ina bin wasan kurket da ake yi a Kingston, babban birnin Jamaika. Ƴan Wes Indis, ƙungiyar haɗin gwiwar ƙasashen Karibiyan, na neman maki 204 su ci Ostareliya. Kafin a zuba shayi na uku an gama da su. An fitar da mutum goma a kan maki 27 kacal, bakwai daga cikin ƴan wasan ko maki ɗaya ba su samu ba, Mitchell Starc na Ostareliya shi kaɗai ya fitar da shida. Tun da aka fara wasan Tes, wato kurket na kwana biyar, a 1877, sau ɗaya tak aka taɓa ganin abin da ya gaza haka, wato maki 26 da Niyu Zilan ta yi a 1955.

Kawuna, wanda yakan jawo kujerarsa kusa da mu da rediyonsa a hannu, ya dubi fuskata ya ce, “Kai ɗana, lafiya? Rasuwa aka yi?” Na ce, “Kawu, ka ɗauka jahar da ta yi shekara goma sha biyar ba a raba ta da takobi ba, yau a kada ƴan kokowarta goma kafin makaɗa su gama ɗaure ganga.” Ya yi shiru, sannan ya ce, “To ka binciki gidansu. Ko ba su ci, ko ba su shiga fili.” Bai taɓa ganin kurket ba, amma a ganina ya faɗi ciwon wasan gaba ɗaya, kuma ruwa ba ya tsami banza.

Na san mafi yawanmu a nan ba mu san wasan ba. Nijar ba ta cikin hukumar kurket ta duniya, ni ma sai da karatu ya kai ni Indiya na ga yadda gari guda ke tsayawa cik saboda shi. Kowane ɓangare mutum goma sha ɗaya ne. Ɗaya na jifa da ƙwallo mai tauri, ɗaya na karewa da faffaɗan katako yana tara maki, in an fitar da goma sai a juya. A gajeren wasan da ake kira T20, kowane ɓangare jifa 120 yake samu, cikin awa uku da ƴan kai an tashi. A Tes kuwa kowane ɓangare zagaye biyu yake yi, ana iya kai kwana biyar, kullum wajen awa shida. Filin kansa yana sauyawa: ranar farko ciyawa na taimakon mai jifa da gudu, rana ta huɗu ƙasa ta tsage, ƙwallo na karkacewa kamar maciji. Sa'a na iya ba mutum T20, amma ba ta iya raka shi kwana biyar. Shi ya sa masana wasan ke ɗaukar Tes a matsayin ma'aunin gwaninta.

Ƙasashe goma sha biyu kaɗai ke da izinin buga shi: Ingila, Ostareliya, Afirka ta Kudu, Wes Indis, Niyu Zilan, Indiya, Pakistan, Siri Lanka, Zimbabuwe, Bangladash, sai Ailan da Afganistan da aka shigar a 2017. A takarda duk matsayinsu ɗaya. A aljihu kuwa uku ne a sama, Indiya da Ingila da Ostareliya, sauran tara suna ƙasa, irin kashin dankalin da muka sani a kasuwa.

Abin da ya fi ba ni mamaki da na fara bin lamarin shi ne yadda ake shirya wasannin. Mu a nan mun saba da gasar takobi: jaha takwas, kowace ta kawo ƴan kokowa goma, kowace ta kara da kowace, kuma gasar na zagayawa, bana a wannan jaha baɗi a waccan. Tun da Yakuba Ango Kantu ya ɗauko takobin farko a Tawa a 1975, ba a taɓa cewa Maradi ta zaɓi waɗanda za ta kama da su ba don ta fi ƴan kasuwa. A Tes ba haka ba ne. Hukumomin ƙasashe biyu ne ke zama su daidaita tsakaninsu, yaushe za a haɗu, wasa nawa za a yi. Mai masauki shi ke kwashe kuɗin talabijin da na ƙofa, baƙo kuma ya biya albashin ƴan wasansa da kuɗin jirginsu, ya koma gida hannu rabbana, da fatan ranar da shi ma zai karɓi baƙi zai fanshe.

Nan gizo ke saƙar. Idan Ingila ta karɓi Wes Indis, filayen Landan da Birmingham na cika, kamfanin talabijin ya riga ya biya maƙudan kuɗi. Idan Wes Indis ta karɓi Bangladash ko Siri Lanka, asara take yi, domin sai ta yi jigilar ƴan wasa da alƙalai da na'urorin ɗaukar hoto daga tsibiri zuwa tsibiri a jirgin sama, ga otal mai tsada, ga jama'a kaɗan. Johnny Grave, lokacin da yake jagorantar harkokin hukumar Wes Indis, ya sha fitowa fili yana kukan cewa wannan tsari ya lalace. Ga yawancin ƙasashen nan tara, baƙin da ke kawo riba su ne Indiya, sai Ingila da ke zuwa da dubban magoya baya masu kashe kuɗi. Hukuma takan yi shekara uku tana cin bashi tana jiran zuwan Indiya, kamar manomin da ke jiran kaka. Wanda ke jiran ka haka kuwa ba ya iya ɗaga maka murya a wajen taro.

Sai rabon kuɗin hukumar duniya, ICC, mai mazauni a Dubai. A tsarin da aka amince da shi a 2023, na shekarun 2024 zuwa 2027, ana sa ran raba kimanin dala miliyan 600 kowace shekara. Indiya ita kaɗai na ɗaukar kashi 38.5 cikin ɗari, wajen dala miliyan 230. Ingila na samun wajen miliyan 41, Ostareliya 37, Pakistan 34, Wes Indis 27. Ƙananan ƙasashe sama da 90 da ba su da izinin Tes, cikinsu har da maƙwabciyarmu Najeriya, su ke raba kashi 11 cikin ɗari. Tun a 2014 manyan ukun suka fara ja wa kansu babban kaso da manyan kujeru, aka sassauta a 2017, sannan aka dawo da abin da ya fi na da karkata, wannan karon ga Indiya ita ɗaya.

Dole a faɗi gaskiyar Indiya. Mafi yawan kuɗin nan daga kasuwarta suke fitowa. Kamfanin Disney Star ya biya kimanin dala biliyan 3 don nuna gasannin ICC a Indiya kaɗai na waɗannan shekaru huɗu. Na zauna a can, na ga mai shayi da direban keke mai ƙafa uku sun bar sana'a sun dafe gaban allo, don haka ban ga laifin wanda ya ce mai kawo hatsi ya cancanci babban kwano ba. Inda na rabu da su shi ne, hukumar Indiya ba ta dogara da wannan kaso ba. Gasarta ta cikin gida, IPL, da aka fara a 2008, ta sayar da haƙƙin nuna wasanninta na 2023 zuwa 2027 a kan sama da dala biliyan 6. Abin da ke ƙari a kan ƙari wurinta, shi ne abin da zai riƙe ran wasan a Bridgetown ta Wes Indis ko Bulawayo ta Zimbabuwe. Kuma mai kallo a Mumbai ba Indiya kaɗai ya biya ya gani ba, ya biya ne ya ga wanda zai iya tsaya mata.

Daga kuɗi sai yawan wasa, kuma nan ne maganar Kawu ta biyu ta shigo. A 2019 aka ƙirƙiro gasar zakarun Tes ta duniya, mai ɗaukar shekara biyu, don a ba wasannin ma'ana. Ƙasashe tara ne a ciki, an bar Zimbabuwe da Ailan da Afganistan a waje. Su taran ma ba kowa ke haɗuwa da kowa ba, kowace ƙasa da shida take karawa, Indiya da Pakistan kuwa rabonsu da Tes tun 2007 saboda siyasa. A zagayen 2023 zuwa 2025 Ingila ta buga wasa 22, Indiya da Ostareliya 19 kowace kafin wasan ƙarshe, Afirka ta Kudu 12. Manyan uku in sun haɗu da juna wasa biyar-biyar suke jerawa, sauran kuwa galibi biyu-biyu. Wasa biyu ba ya isa baƙo ya gane ƙasa da iskar wuri. Ya sauka, ya sha kashi a na farko, ya fara ganewa a na biyu, sai jirgi.

A cikin gida ma haka ne. Saurayi a Ingila na da ƙungiyoyin gunduma 18 da ke buga wasan kwana huɗu har sau 14 a kaka. Indiya na da ƙungiyoyi 38 a gasar Ranji. Takwaransa na Karibiyan rabin na Ingila yake samu ko ƙasa da haka. Tsayuwa gaban ƙwallon da ke zuwa da gudun kilomita 140 a awa, daga safe har yamma, abu ne da jiki ke koya da maimaici, ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya buga irin wannan wasa sau ɗari kafin ya sa rigar ƙasa, da wanda ya buga sau ashirin, ba za su yi daidai ba ko da baiwarsu ɗaya.

Ailan kuwa ta samu izinin da ta yi shekaru tana nema, sai ta tarar ba ta da kuɗin amfani da shi. Daga 2018 zuwa 2024 sau biyu kacal ta karɓi Tes a gida.

Sannan ga kasuwar T20 da ta buɗe ko'ina: Indiya, Daular Larabawa, Afirka ta Kudu, Amurka, Karibiyan. Ɗan wasan ƙaramar ƙasa na iya samun abin da hukumarsa ba za ta ba shi a shekara ba cikin sati shida. Trent Boult na Niyu Zilan ya nemi a sake shi daga kwantiragin ƙasa a 2022. A Yunin 2025 Nicholas Pooran na Wes Indis ya ajiye wasan ƙasa yana da shekara 29, Heinrich Klaasen na Afirka ta Kudu ma ya ajiye a watan. Ba na zarginsu. Mu da muke ganin ƴan'uwanmu na tafiya ci-rani Legas da Agadas da Libiya mun san abin da ke fitar da mutum daga gida, da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ingila da Ostareliya na iya biyan ƴan wasansu albashin da zai zaunar da su, Indiya kuwa ta hana nata shiga gasannin waje, ta kuma ƙara ladan buga Tes a 2024. Sauran ba su da wannan ƙarfi.

Abin ya fito fili ƙarara a farkon 2024. Afirka ta Kudu na da gasarta ta T20 mai suna SA20, wadda duk ƙungiyoyinta shida mallakar masu ƙungiyoyin IPL ne, ita ce kuma ke kawo wa hukumar ƙasar kuɗi. Gasar ta ci karo da tafiya Niyu Zilan. Hukumar ta ajiye manyan ƴan wasanta a gida, ta tura ayarin da rabinsa bai taɓa buga Tes ba, har kyaftin ɗin, Neil Brand, ranar ce ta farko gare shi. Niyu Zilan ta cinye biyu da babu. An yi ta zagin Afirka ta Kudu a jaridun Ostareliya da Ingila, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ba na cewa ƙananan hukumomin ba su da nasu laifi. An dakatar da Zimbabuwe a 2019, Siri Lanka a 2023, duk saboda gwamnati ta tsoma hannu a harkar wasa. Ƴan Wes Indis sun taɓa tattara kayansu suka baro Indiya ana tsakiyar ziyara a 2014 saboda rigimar albashi da shugabanninsu. Duk wanda zai ce a ƙara musu kuɗi dole ya ce a bi diddigin inda kuɗin ke shiga.

To amma ga abin da ya sa ban yarda da masu cewa ƙananan sun mutu ba. A Janairun 2024, a Brisbane, wani saurayi mai suna Shamar Joseph, ɗan ƙauyen Baracara da ke bakin kogi a Guyana, wanda ba da daɗewa ba yake aikin gadi, ya shiga fili da yatsan ƙafa a kumbure, domin ƙwallon Starc ta daki yatsan a daren jiya har sai da aka riƙo shi aka fitar. Ya yi ta jifa ba hutu, ya fitar da mutum bakwai, Wes Indis ta ci Ostareliya da maki 8, karo na farko a ƙasar tun 1997. Na kalli ƙarshen wasan da hantsi a shagon wani abokina kusa da babbar kasuwa, na ga Brian Lara, tsohon gwanin Wes Indis, a ɗakin masu sharhi yana share hawaye, ni ma ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. A shekarar dai Bangladash ta je Rawalpindi ta ci Pakistan biyu da babu. Niyu Zilan, ƙasa mai mutum miliyan biyar da ɗoriya, ta je Indiya ta cinye uku da babu, alhali rabon da a ci Indiya jerin wasa a gidanta tun 2012. A Yunin 2025 kuma Afirka ta Kudun da aka gama zagi ta doke Ostareliya a filin Lord's na Landan ta zama zakaran duniya.

Wannan ke nuna mini baiwa na nan, abin da ya ragu shi ne ɗorewa. Ƙasar da ta ci Ostareliya a Brisbane ita ce aka fitar a kan 27 bayan wata goma sha takwas. Gwani ɗaya na iya ɗaukar wasa ɗaya a kansa. Riƙe matsayi shekara da shekaru, irin wanda Wes Indis ta yi daga 1980 zuwa 1995 ba a ci ta jerin wasa ba, zamanin su Clive Lloyd da Viv Richards da Malcolm Marshall, yana buƙatar filaye masu kyau, masu horarwa, gasar cikin gida, da albashin da zai hana saurayi waiwaye.

Maganin da ya fi tashe a bakin manya a 2025 shi ne raba Tes gida biyu, ƙarfafa a sama, raunana a ƙasa. Maganar ta taso da ƙarfi a farkon 2025, bayan Jay Shah na Indiya ya hau kujerar shugabancin ICC a Disambar 2024, har taron hukumar na Singafo ya kafa kwamitin duba ta. Hujjarsu ita ce mutane na son ganin tsara da tsara, kuma suna da abin nunawa: sama da mutum dubu 370 suka shiga filin Melbourne kallon wasa ɗaya tsakanin Ostareliya da Indiya a ƙarshen 2024, jerin Ingila da Indiya na 2025 kuma ya tashi biyu da biyu, aka raba wasan ƙarshe da maki 6. Ni ma na ji daɗinsu. Amma ƙasar da aka jefa rukunin ƙasa ta rasa baƙin da ke kawo mata kuɗi ke nan, kamfanin talabijin zai rage farashi, ƴan wasanta za su ƙara watsewa, sai a dawo bayan shekara biyar a ce ga shi, dama mun faɗa ba su iya ba. Clive Lloyd ya fito ya yi tir da shawarar, kuma ina bayansa.

Tarihin manyan kansu ya isa hujja. Indiya ta fara Tes a 1932, ba ta ci wasa ko ɗaya ba sai 1952. Niyu Zilan ta fara a 1930, nasararta ta farko sai 1956, shekara ɗaya bayan maki 26 ɗin nan. Bangladash sai a wasanta na 35 ta ga nasara. Da an ware su a lokacin an ce su je su yi da tsararsu, da babu Indiyar da ke ciyar da wasan yau. Afirka ma ta ga abin da rufe ƙofa ke haifarwa: Kenya ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar kofin duniya ta 2003, ba a ba ta izinin Tes ba, ba a ba ta wasanni da manya ba, ga rigimar cikin gida, yau ba a jin ɗuriyarta. Ina tuna wannan duk lokacin da na tuna ƴan matan Najeriya ƴan ƙasa da shekara 19 da suka ci Niyu Zilan a gasar duniya ta T20 a Maleshiya a Janairun 2025.

Abin da zai yi aiki ba ɓoyayye ba ne, an ma fara taɓa shi. Da Zimbabuwe ta je Ingila a Mayun 2025, karo na farko tun 2003, hukumar Ingila ta biya ta kuɗin zuwa, abin da ba a saba ba. Da za a mai da wannan doka, baƙo ya riƙa samun kasonsa daga abin da aka tara da guminsa, da lissafin ƙananan hukumomi ya sauya. An kuma yi maganar asusu na musamman na dala miliyan 15 don biyan ladan ƴan wasa da kuɗin tafiye-tafiye, kuɗin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na rabon Indiya na shekara guda ba. Ni da za a tambaye ni, zan ƙara da cewa a karɓe tsara jadawali daga hannun hukumomin ƙasashe a ba ICC, a sa duk goma sha biyun cikin gasa ɗaya, kada jerin wasa ya gaza uku, a kuma ware wa Tes watanninsa da gasannin T20 ba za su shiga ba. Wahalar ita ce duk waɗannan sai da amincewar ukun da tsarin yanzu ke yi wa daɗi, sauran taran kuma kowa na tsoron ɓata wa Indiya rai.

Bayan kwana biyu da wancan dare na nuna wa Kawu hoton Temba Bavuma, baƙar fata na farko da aka naɗa cikakken kyaftin ɗin Afirka ta Kudu, ɗan unguwar Langa ta Cape Town, gajere kamar ni, yana riƙe da sandar zakarun duniya a hannu ɗaya, ɗansa a ɗaya hannun. Na gaya masa ya buga wasan ƙarshen yana ɗingishi da ciwon cinya bai fita ba. Na kuma gaya masa rabon ƙasarsa da karɓar Tes a gida tun Janairun 2025, kuma jadawali bai ba ta wani ba sai wajen ƙarshen 2026. Ya karɓi wayar ya matso da ita kusa da idonsa, ya daɗe yana kallo. Ya ce, “Yanzu mutum ya ɗauko takobi, a ce mutanen garinsu sai sun shekara ba su gan shi cikin fili ba?” Na ce, “Haka ne, Kawu.” Ya miƙo mini wayar, ya ce in sake nuna masa yaron nan mai ciwon yatsa.